Wa Yake Biyan Kuɗin Raino? Makarantun Ƙwallon Ƙafa na Ƴan Mata a Amurka da Turai

Wannan takarda tana bayani ne a kan makarantun horar da ƴan mata ƙwallon ƙafa, irin waɗanda ƙungiyoyin mata na ƙwararru suke buɗewa a ƙarƙashinsu. Abin da za a duba shi ne inda kuɗin tafiyar da su yake fitowa, da dalilin da ya sa wasu suke rufewa ko da kuwa sun yaye ƴan wasan da duniya ta san da su. Yawancin misalan daga Amurka da Ingila aka ɗauko su, domin a can ne gasar mata ta fi kuɗi, a can ne kuma matsalar ta fi fitowa fili.

Irin wannan makaranta ita ce masu jin Ingilishi suke kira akadami, masu jin Faransanci kuma suke ce mata centre de formation. Ana ɗaukar yarinya tun tana shekara 8 ko 9, wani lokaci 12 ko 14, a riƙa horar da ita har ta kai 18 ko 20. A cikin waɗannan shekaru sai an biya masu horarwa da likita da masu gashin ƙashi, an tanadi fili da kayan wasa da motar zuwa gasa, an yi wa yara inshora. Idan yarinyar daga nesa ta zo, akwai masauki da abinci da kuɗin karatun boko. Duk da wannan ɗawainiya, kaɗan ne ƙwarai daga cikin yaran suke kaiwa babbar ƙungiya. Aikin ya yi kama da kiwo: a yi shekaru ana ciyarwa, ba a san wadda za ta yi albarka ba. Saboda haka tambayar farko ga duk wanda zai buɗe irin wannan makaranta ita ce, ta wace ƙofa kuɗin zai dawo?

Yadda makarantar maza take riƙe kanta

A ƙwallon maza an daɗe da samun amsar wannan tambaya. Yaron da ya fito daga makarantar ƙungiya ya shiga babbar ƙungiyarta ya hutar da ita sayen wani daga waje. Idan kuma ya shahara, sai a sayar da shi. Alal misali, a watan Janairu na 2022 ƙungiyar FC Dallas ta Amurka ta sayar wa Augsburg ta Jamus wani yaro da ta raina, Ricardo Pepi, a kan kimanin dalar Amurka miliyan 20. (A lura, duk inda aka ce dala a wannan takarda dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Yamai ko Damagaram mai tamma 5 ba.) Ciniki ɗaya irin wannan yana iya riƙe makaranta shekaru da dama.

Bayan sayarwa akwai dokokin hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, wato FIFA. A shekara ta 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar wani ɗan wasa na Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman, ta ce ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana da ikon komawa wata ƙungiya ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ba. Sai ƙananan ƙungiyoyi suka shiga fargabar su yi ta raino manya suna kwashewa kyauta. Don haka a 2001 FIFA ta shigo da hanyoyi biyu na saka wa masu raino.

Ta farko ita ce diyyar horarwa. Idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko a wata ƙasa, ko ya ƙaura daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya wuce shekara 23, sabuwar ƙungiyar za ta biya waɗanda suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 21. Manyan ƙungiyoyin Turai suna iya biyan har yuro 90,000 a kan kowace shekarar horo. Muhimmin abu a nan shi ne, ana biyan wannan diyya ko da ba a sayi yaron ba, ko da kyauta ya tafi. Ta biyu ita ce kason haɗin kai. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin, a raba wa ƙungiyoyin da suka riƙe shi daga shekara 12 zuwa 23.

Inda ta mata ta bambanta

Shekara da shekaru, sashe na 20 na dokokin FIFA na ƙaurar ƴan wasa ya faɗa ƙarara cewa diyyar horarwa ba ta shafi ƙwallon mata ba. Hujjar da ake kawowa ita ce, gasar mata ba ta yi ƙarfi ba, idan aka ɗora wa ƙungiyoyi wannan nauyi za su daina ɗaukar matasa. Sai a ƙarshen 2023 majalisar FIFA ta amince a fara tsara wa mata nasu tsarin. Ke nan duk taurarin da suka yi tashe a shekarun 2010 da farkon 2020 sun bar gidajen da suka raine su ba tare da wannan diyya ta biyo bayansu ba.

Kason haɗin kai kuwa ya shafi mata, amma kashi 5 cikin 100 ne na kuɗin sayarwa, kuɗin sayar da mata kuma bai taka kara ya karya ba. Alƙaluman FIFA sun nuna cewa a 2023 an kashe dala miliyan 6.1 wajen sayen mata ƴan wasa tsakanin ƙasashen duniya baki ɗaya, a 2024 kuma miliyan 15.6. A wannan shekara ta 2024 abin da aka kashe a kan maza ya haura dala biliyan 8 da rabi. Wato kuɗin Ricardo Pepi shi kaɗai ya fi na dukkan matan duniya na shekara guda. Yawancin mata kuma ba a sayensu ma, domin kwantiraginsu gajere ne, na shekara ɗaya ko biyu, mai son su sai ya jira ya ƙare.

Gaskiya ne farashi yana hawa da sauri. A 2022 Barcelona ta sayi Keira Walsh daga Manchester City a kan kimanin fam 400,000, aka ce ba a taɓa yin irinsa ba. A Fabrairun 2024 Bay FC ta Amurka ta biya yuro 735,000 a kan Racheal Kundananji ƴar Zambiya. A Janairun 2025 Chelsea ta ɗauki Naomi Girma a kan dala miliyan 1.1, ita ce mace ta farko da ta haura miliyan ɗaya. A Yuli Arsenal ta biya fam miliyan 1 a kan Olivia Smith, a Agusta kuma Orlando Pride ta ɗauki Lizbeth Ovalle ƴar Meziko a kan dala miliyan 1.5. Amma idan aka yi lissafi sai a ga abin da yake saura wa masu raino. Kuɗin Kundananji ya kai kusan sefa miliyan 482. Kashi 5 cikin 100 na wannan shi ne yuro 36,750, kimanin sefa miliyan 24, kuma rabawa za a yi tsakanin duk ƙungiyoyin da ta zauna a cikin shekaru 12, a Zambiya da Kazakistan da Sifen. A Turai wannan bai fi albashin mai horarwa ɗaya na shekara ba, alhali a lokacin shi ne ciniki mafi tsada a tarihin ƙwallon mata.

Amurka: iyaye da jami'o'i

Abin mamaki game da Amurka shi ne, ƙasar da ta ci kofin duniya na mata sau 4 ba da makarantun ƙungiyoyin ƙwararru ta gina ƙarfinta ba. Tushen abin wata doka ce ta 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana makarantun da suke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a fagen wasanni. Wannan ya sa jami'o'i suka buɗe ƙungiyoyin mata suna ba da tallafin karatu. Fiye da jami'o'i 300 suke buga gasar mata a rukunin farko. Su ne suka riƙa ɗaukar nauyin horo daga shekara 18 zuwa 22.

Kafin shekara 18 kuwa iyaye ne suke biya. Akwai ɗaruruwan ƙungiyoyin yara masu zaman kansu, waɗanda suke karɓar dubban daloli a shekara daga hannun kowace yarinya, ban da kuɗin jirgi da otal na zuwa gasa a jihohi masu nisa. Iyaye suna jurewa ne da fatan ƴarsu ta samu tallafin karatu a jami'a. Gasa mafi suna a wannan fage ita ce ECNL, wadda aka kafa a 2009. Illar wannan tsari a fili take: ƴar talaka, komai gwanintarta, tana iya tsayawa a hanya tun tana shekara 12.

A cikin wannan yanayi aka kafa gasar ƙwararru ta NWSL, wadda ta fara a 2013 da ƙungiyoyi 8, bayan gasa biyu da suka gabace ta sun durƙushe saboda rashin kuɗi, ɗaya a 2003 ɗaya a 2012. Masu ƙungiyoyin farko da ƙyar suke biyan albashi, ballantana su ɗauki nauyin yara. Duk da haka wasu, kamar Portland Thorns da Seattle Reign da North Carolina Courage, daga baya kuma Racing Louisville, sun gudanar da makarantu, sau da yawa tare da wata ƙungiyar yara ta garinsu. A 2017 hukumar ƙwallon Amurka ta buɗe gasar makarantu ta ƴan mata da nufin ta tattara gwanaye wuri guda. Ba ta yi tsawon rai ba. Ta hana yara buga wa makarantunsu na sakandare, abin da bai yi wa iyaye da yawa daɗi ba, wasu manyan ƙungiyoyi suka koma ECNL, sannan a watan Afrilu na 2020 hukumar ta rufe gasar gaba ɗaya, ta ce annobar korona ta taɓa aljihunta.

Babban abin da ya kashe wa ƙungiyoyin NWSL gwiwa shi ne tsarin zaɓen ɗalibai. A kowace shekara ana jera waɗanda suka gama jami'a, ƙungiyoyi su riƙa zaɓa bi da bi, mafi rauni ta fara. A gasar maza ta MLS akwai doka tun 2008 da ta ba ƙungiya damar riƙe yaron da ta raina ba sai ya bi ta wannan layi ba. Mata ba su da irinta. Ƙungiya tana iya horar da yarinya shekara 6, ta tafi jami'a, ranar zaɓe wata ƙungiya ta ɗauke ta.

Labarin Olivia Moultrie ya nuna haka. Ta zama ƙwararriya a 2019 tana shekara 13, ta sa hannu da kamfanin Nike, ta koma Portland tana atisaye da Thorns. Dokar gasar ta ce sai mai shekara 18 za ta buga. A 2021 ta kai ƙara kotu, kotu ta ba ta gaskiya, ta sa hannu a kwantiragi tana shekara 15. Amma ko a lokacin ba Portland aka fara bai wa ikon ɗaukarta ba. Ƙungiyar Reign ce ta samu, sai da Portland ta ba ta gurbi ɗaya na zaɓen ɗalibai kafin ta karɓi yarinyar da ta shekara biyu tana atisaye a filinta. Naomi Girma kuma ta nuna ɗaya fuskar. Iyayenta ƴan asalin Habasha ne, ta fara wasa a wata ƙaramar ƙungiya da mahaifinta ya kafa wa yaran Habashawa a garin San Jose, ta bi ta ƙungiyoyin yara, ta yi karatu a jami'ar Stanford. San Diego Wave ta zaɓe ta ta fara buga mata a 2022, bayan shekara uku ta sayar da ita dala miliyan 1.1. Lokacin da Girma take yarinya ba a ma kafa San Diego Wave ba. Mai ƙungiyar da ya ga wannan zai iya cewa, me zai sa ya kashe kuɗi a kan abin da iyaye da jami'o'i suke yi masa kyauta?

Daga 2023 abubuwa suka fara sauyawa. Gasar ta buɗe ƙofa ga ƴan ƙasa da shekara 18, da sharaɗin yarinya ta zauna da iyayenta ko mai riƙonta, kuma ba za a tura ta wata ƙungiya ba sai da yardarsu. A watan Maris na shekarar Chloe Ricketts da Melanie Barcenas suka sa hannu suna shekara 15. A Agustan 2024 kuma aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da ƙungiyar ƴan wasa, mai aiki har 2030, wadda ta soke zaɓen ɗalibai baki ɗaya. Kuɗi ma ya shigo. A Nuwamban 2023 gasar ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta a talabijin dala miliyan 240 na shekara 4. A 2024 aka yi wa Angel City ta Los Angeles kuɗi dala miliyan 250. A farkon 2025 masu kafa sabuwar ƙungiya a Denver suka biya dala miliyan 110 kuɗin shiga kawai.

Sai dai soke zaɓen takobi ne mai kaifi biyu. Ya ba ƙungiya damar ɗaukar yarinyar da ta raina kai tsaye, ya kuma ba yarinyar ƴancin tafiya inda ta ga dama. Darajar ƙungiya a takarda kuma ba kuɗin kashewa ba ne. Masu zuba jari sun fi karkata ga abin da ido yake gani, kamar filin da Kansas City Current ta buɗe a 2024 mai ɗaukar mutum 11,500, domin fili yana kawo kuɗin tikiti tun ranar farko, makaranta kuwa sai an jira shekara 8 ko 10.

Ingila: makarantar da take ƙarƙashin inuwar maza

A Turai yawancin ƙungiyoyin mata rassa ne na ƙungiyoyin maza. Wannan yana da amfani, domin akwai fili da likitoci da suna. Amma yana nufin rayuwar makarantar ƴan mata tana rataye ne a kan lafiyar aljihun maza da kuma ra'ayin mai ƙungiya.

A Ingila, inda hukumar FA ta hana mata wasa a filayen ƙungiyoyinta daga 1921 zuwa 1971, hukumar ce da kanta ta riƙa ba da lasisi da ɗan tallafi ga cibiyoyin ƴan mata. Daga 2022 ta sake fasalinsu gida biyu: cibiyoyi kimanin 70 na yara masu shekara 8 zuwa 16 a faɗin ƙasa, don rage wa iyaye doguwar tafiya da tsada, sannan daga 2023 makarantun ƙwararru na masu shekara 14 zuwa 20 a hannun manyan ƙungiyoyi. Rahoton da tsohuwar ƴar wasa Karen Carney ta shugabanta, wanda ya fito a Yulin 2023, ya kwatanta kuɗin da ake zubawa daga sama: fam miliyan 3.25 a shekara ga makarantun mata, fam miliyan 88 ga na maza.

Abin da ya faru da ƙungiyoyi uku ya isa misali. Manchester United ta rushe babbar ƙungiyarta ta mata a 2005, amma ta bar makarantar yara. Sai ya zama tana raino wasu suna girba. Ella Toone, wadda ta ci ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Turai na 2022, a nan ta tashi, ta bar gida domin ba inda za ta hau, sai da aka sake kafa ƙungiyar a 2018 ta dawo. Reading ita ce ta raini Fran Kirby tun tana shekara 7, kafin ta koma Chelsea a 2015. Da mai ƙungiyar ya shiga matsin kuɗi, a Yunin 2024 aka janye matan daga rukuni na 2 zuwa na 5, makarantar ƙwararrunta ta tafi tare da lasisin. Blackburn Rovers kuwa ta hannunta Keira Walsh da Georgia Stanway suka bi, ita ma Toone ta zauna can. A Mayun 2025 ta janye daga rukuni na 2 domin masu ita ba su yarda su biya abin da sababbin sharuɗɗan gasar suke bukata ba. Walsh ta bar Blackburn a 2014. Ko da an raba kason haɗin kai na cinikinta na 2022, duka-duka kimanin fam 20,000 ne, kuma ba na Blackburn kaɗai ba.

Wannan ya faru ne a daidai lokacin da saman gasar yake ƙara arziki. A 2024 wani kamfani mallakar ƙungiyoyi ya karɓi ragamar manyan rukunoni biyu daga hannun FA, aka kuma ƙulla yarjejeniyar talabijin ta fam miliyan 65 na shekara 5. Ƙa'idoji suna ƙara tsauri, wanda abu ne mai kyau ga ƴan wasa, amma ƙananan garuruwan da suka saba fitar da gwanaye su ne suke kasa cika su. Arsenal tana iya riƙe Leah Williamson daga shekara 9 har ta zama kyaftin ɗin Ingila. Yarinyar da take nesa da Landan ko Manchester kuwa, idan makarantar garinsu ta rufe, sai dai iyayenta su yi ta tuƙi da dare bayan an tashi daga aiki, ko ta haƙura.

Sifen da Faransa

Barcelona ita ce hujjar masu cewa makaranta tana biyan kanta. Aitana Bonmatí ta shiga ƙungiyar tana ƙaramar budurwa, tana zuwa atisaye daga garinsu, ta zo ta ci kyautar Ballon d'Or a 2023 da 2024 da 2025. Da a kasuwa za a nemi irinta, da ba a san kuɗinta ba. Amma ko a nan sai a 2021 aka fara ba ƴan mata masauki a La Masia, gidan da aka shekara 40 ana rainon maza a cikinsa.

Sifen ta kuma nuna yadda diyya take zama tarko idan ba a tsara ta da kyau ba. Yarjejeniyar ƙwadago ta 2020 ta bar ƙungiyoyi su sa wa matasansu kuɗin diyya yadda suka so. Levante ta sa yuro 500,000 a kan Ona Batlle, ta sa haka a kan Eva Navarro, a lokacin da ba wata ƙungiyar Sifen da za ta iya biya. Tunda dokar ba ta aiki a waje, Batlle ta tsallaka Ingila ta koma Manchester United. Maimakon a kare mai raino, sai aka kori ƴar wasa daga ƙasarta.

A Faransa kuwa, duk da Lyon ta ci kofin zakarun Turai sau 8, sai a 2023 aka fara ba ƙungiyoyin mata izinin buɗe cibiyoyin horo da hukuma ta amince da su, aka fara da guda 6. Ɗaya daga cikinsu Bordeaux ce. Shekara guda bayan haka bashi ya durƙusar da ƙungiyar maza, matan ma suka faɗi tare da ita.

Abin da ake gwadawa

Hanyar da ta fi jan hankali a Amurka ita ce ta ƙungiya ta biyu. A 2025 NWSL ta nemi izinin hukumar ƙasar na kafa rukuni na 2, wanda ƙananan ƙungiyoyin manyan za su buga a cikinsa. Dalilin a bayyane yake. Yarinya mai shekara 16 da aka ba kwantiragi ta zauna a benci ba ta samu horo ba, ta kuma yi asarar wasa a jami'a. Riƙe ƴan shekara 16 zuwa 20 ya fi sauƙi a kan riƙe ƴan shekara 9, kuma an fi gane wadda za ta kai. Mai yiwuwa ke nan ƙungiyoyi su ɗauki wannan ɓangare na sama, su bar wa iyaye na ƙasa, inda ƴar talaka take faɗuwa.

Wata hanyar ita ce mutum ɗaya ya mallaki ƙungiyoyi a ƙasashe daban-daban. Michele Kang ta mallaki Washington Spirit a 2022, ta ƙara da ƙungiyar mata ta Lyon da London City Lionesses a 2023. A Nuwamban 2024 ta yi wa hukumar Amurka alkawarin dala miliyan 30 cikin shekara 5 don horar da ƴan mata da masu horarwa mata. Mai ƙungiyoyi uku ba ya jin zafin tafiyar yarinya idan daga wannan gida nasa ta koma wancan. Amma kyauta kyauta ce, tana tsayawa ranar da mai bayarwa ya tsaya.

Akwai kuma abin da ba a cika sawa a lissafi ba, wato tsaron yaran da karatunsu. Binciken da Sally Yates ta gudanar, wanda ya fito a Oktoban 2022, ya bankaɗo cin zarafin ƴan wasa a NWSL, ya kuma nuna cewa ɗabi'ar tana da saiwa tun daga ƙungiyoyin yara. Makarantar kirki tana bukatar ma'aikatan kula da yara da hanyar kai ƙara, kuma duk kuɗi ne. Ta fuskar karatu, mafi ƙanƙantar albashi a NWSL a 2025 dala 48,500 ne, zai kai 82,500 a 2030. Wannan ya fi na da nesa ba kusa ba, amma ba kuɗin da mace za ta ajiye ta ci har tsufa ba ne. Wadda ta bar tallafin jami'a tana shekara 16, jijiyar gwiwa ta tsinke tana 20, tana bukatar takardar shaidar karatu fiye da takwaranta namiji da yake babbar gasa.

Batun diyya ya shafi Afirka kai tsaye, domin yawancin taurarinta a waje suke wasa. Asisat Oshoala ta tashi a FC Robo ta Legas, ta wuce Rivers Angels, ta tafi Liverpool a 2015. Rasheedat Ajibade ma daga FC Robo ta fita. Da maza ne, da diyyar horarwa ta biyo bayan tafiyarsu ta farko. Idan tsarin da FIFA take shiryawa ya fara aiki, ƙungiyoyi irin waɗannan su ne za su fi amfana, muddin ba a sa kuɗin da zai tsorata masu ɗauka ba, kamar yadda aka gani a Sifen. Sai dai kuɗin rajista yake bi. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Faris wanda ake biyan kuɗin raino ta hannunsa, yana kuma aiki ne da abin da hukumar kowace ƙasa ta shigar a kwamfuta game da ɗan wasa, shekara bayan shekara. Ƙungiyar da ta riƙe yarinya daga shekara 12 zuwa 17 ba tare da ta yi mata rajista a hukumar ƙasarta ba, ba ta da abin da za ta nuna ranar da za a raba.